Me ya sa allurar ƙyanda ta 1963 ke aiki har yau, ta mura kuma sai an sake ta?

Yawancin allurar ƙyanda da ake wa yara a wata tara, asalin ƙwayar da aka yi ta da ita tun 1954 aka samo ta a jikin wani yaro a Boston can Amurka, allurar ta fito 1963, kuma har yau tana aiki, ba a taɓa cewa ƙyanda ta canza kama a dawo a sake lale ba. Amma ita mura, infuluwenza nake nufi ba 'yar murar hunturun nan da ke sa ka atishawa kwana biyu ta wuce ba, sau biyu duk shekara hukumar lafiya ta duniya WHO ke tara masana, a Fabrairu da Satumba, su zauna su duba ko allurar bara za ta yi bana, kuma sau da yawa amsar a'a ce. Amsar da aka fi ba mutane ita ce wai ƙwayar mura saurin rikiɗa gare ta. Gaskiya ne amma rabin zance ne fa, don ita ma ƙyanda bayanan gadonta a kan sinadarin RNA suke rubuce kamar na mura, ita ma kuskure take tafkawa wajen kwafar kanta kuma ba ta gyarawa. Bambancin yana wajen furotin ne, wane canji furotin zai iya ɗauka ya ci gaba da aiki, wane ne kuma zai karya shi.

Bari mu fara da ita kanta ƙwayar. Infuluwenza A, wadda ita ce mai kawo manyan annoba, bayanan gadonta a rubuce suke cikin gutsattsarin RNA guda 8, jimillar haruffan wajen 13,500, daga cikinsu take haɗa furotin goma da 'yan kai. Furotin kuwa jerin ƙananan sinadarai ne da ake kira amino asid, iri 20 ne, a jera su ɗaya bayan ɗaya sai jerin ya nannaɗe kansa ya ɗauki wata siffa, siffar nan ita ce aikin, idan naɗin ya lalace aiki ya tafi. Guda biyu su ne a waje a jikin ƙwayar. Akwai HA, hemagulutinin, shi ke kama wani sukari mai suna sayalik asid da ke jikin ƙwayoyin halittar hancinmu da maƙogwaro ya buɗa hanya a shiga. Akwai NA, nuraminides, shi kuma yanke wannan sukarin yake yi bayan an gama hayayyafa don sabbin 'ya'ya su saku su fita. Su ne H da N ɗin da kuke ji a H1N1 da H3N2 da H5N1. Can ciki kuma akwai PB1 da PB2 da PA masu yin kwafin RNA, da NP mai rungume shi, da wata 'yar ƙofa M2. In kun ga an rubuta abu irin H275Y kar ya ruɗa ku, ma'anarsa a gurbi na 275 na furotin ɗin da histidin ne, yanzu tayirosin ya maye shi, shikenan.

To masu kwafin nan ba sa duba abin da suka rubuta, har ana ƙiyasin kusan kowane kwafi na iya fitowa da kuskure ɗaya ko fiye, ga shi a jikin mara lafiya ɗaya miliyoyin kwafi ake yi. Sai mutum ya ce kenan duk mai mura masana'antar sabbin cututtuka ne. Ba haka ba ne, mafi yawan kurakuran nan illa suke wa ƙwayar, furotin ya kasa naɗuwa ko ya kasa kama abin da yake kamawa, a wurin take mutuwa. Sannan akwai wani matsatsi wajen tsallakawa daga mutum zuwa mutum, wani bincike da su Adam Lauring suka yi a gidajen mutane a Michigan aka wallafa 2018 ya nuna cewa sau da yawa ƙwaya ɗaya ko biyu kacal ke kafa cutar a jikin wanda ya ɗauka. Wato ko da wata mai sa'a ta bayyana a hancinka ranar Laraba, in ba ita ce ta faɗa cikin tarin da ka yi wa na kusa da kai ba, ta mutu tare da murarka. Don haka yawan kuskure kaɗai ba ya bayyana komai.

Abin da ke ba mura dama shi ne kan HA. Furotin ɗin yana da kai yana da kara, kan ne a sama inda sojojin garkuwar jiki, antibodi, suka fi gani suka fi kamawa, kuma kan nan wallahi haƙuri gare shi. A 2014 ɗakin gwajin Jesse Bloom a Seattle sun bi gurbin HA ɗaya bayan ɗaya suna sauya amino asid suna duba wanne ƙwayar ke jurewa, suka tarar wuraren da antibodi ke kamawa a kai su ne suka fi ɗaukar canji ba tare da aiki ya tsaya ba, shi kuwa karan da kuma ramin da ke kama sukarin ba sa son a taɓa su. Da aka yi wa ƙyanda gwaji makamancin wannan a New York sai aka ga furotin ɗinta na waje ba ya jure irin wannan taɓawa. Ga amsar tambayar farko nan, ƙyanda na kuskure amma ba ta da filin da za ta ajiye shi, mura kuma tana da fili, daidai wurin da garkuwarmu ke kallo.

Amma ko a kan ma ba ko'ina ne ke da amfani ba. A 2004 Derek Smith na Cambridge da Ron Fouchier na Rotterdam da abokan aikinsu sun zana taswirar yadda H3N2 ta riƙa kauce wa garkuwa daga 1968 zuwa 2003, suka ga ba tafiya ce a miƙe ba, tana zama wuri ɗaya shekara uku ko makamancin haka sai ta yi tsalle, rukuni 11 suka ƙirga. Da suka dawo 2013 suna neman wane canji ne ke kawo tsallen, sai abin ya ba kowa mamaki, cikin gurabe sama da 300 na wannan ɓangaren na HA, guda 7 ne kawai ke ɗauke da nauyin, 145, 155, 156, 158, 159, 189 da 193, kuma yawancin tsallen canji ɗaya tal ne ya kawo shi. Dukkansu bakwai ɗin a gefen ramin kama sukari suke. To a nan tambaya ta juya, in dai canji ɗaya ya isa kuma ƙwayar na yin kusan kowane canji kullum a wani wuri a duniya, me ya sa sai an shekara uku ana jira? Me ya hana ta tsalle duk wata? Ni a ganina wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a duk zancen, kuma amsarta ita ce kowane canji da kuɗinsa. Ka taɓa gefen ramin ka ɓuya daga antibodi, amma ka rage ƙarfin kama sukarin da kake rayuwa da shi.

Labarin Tamiflu ne ya fi fito da wannan fili. Maganin, sunansa na asali oseltamibir, shiga yake ya toshe bakin NA, sai 'ya'yan ƙwayar su manne su kasa fita. Tun farkon shekarun 2000 an san canji ɗaya, H275Y, na hana maganin zama a wurin, amma duk lokacin da aka gwada ƙwaya mai wannan canji a ɗakin gwaji da jikin dabbobi sai a same ta raguwa, ba ta girma da kyau ba ta yaɗuwa, har masana suka rubuta cewa da wuya ta zama matsala a asibiti. Sai lokacin sanyin 2007 zuwa 2008 Norway ta ba da rahoton kusan kashi biyu cikin uku na H1N1 ɗin da take gani na ɗauke da H275Y, Norway fa da ba a cika shan maganin ba, yayin da Japan da ta fi kowa shansa a duniya 'yan kaɗan ta gani a wannan shekarar. Kafin shekara ta zagayo kusan duk H1N1 ta yanayi a duniya ta daina jin Tamiflu. Kenan ba shan magani ne ya tura ta ba, ita da kanta ta zama mai ƙarfi duk da canjin.

A 2010 Bloom da Lizhi Gong da David Baltimore suka gano abin da ya faru. Illar H275Y ita ce yana hana NA naɗuwa da kyau, kaɗan ne ke isa saman ƙwayar halitta. Amma kafin 2007 wasu canje-canje biyu, V234M da R222Q, sun riga sun shiga NA ɗin wannan zuriya a hankali, ba ruwansu da magani, ba wanda ya kula da su, abin da kawai suka yi shi ne ƙara yawan NA mai isa sama. Da H275Y ya zo sai ya tarar da rarar da zai ci. Abin kamar ɗan kasuwa ne da jarinsa, haja ɗaya ce a kasuwa farashi ɗaya, wanda ya tara 'yar riba a baya ya saya ya ci gaba da juyawa, wanda jarinsa ke daidai wuya ya saya ya karye. Ƙarfin naɗin furotin shi ne jarin, wasu canje-canjen tarawa suke, wasu kashewa, kuma na tserewa daga garkuwa ko magani galibi masu kashewa ne.

Ba a NA kaɗai ba kuma. A 2013 su Bloom da Gong sun ɗauki NP na H3N2, suka jera canje-canje 39 da suka raba na 1968 da na 2007, suka ɗauki kowanne shi kaɗai suka saka a na 1968. Guda uku suka durƙusar da shi, alhali a tarihi na gaskiya sun shiga lafiya ƙalau, saboda kowannensu ya zo ne bayan wani canji mai ƙarfafa naɗi ya riga shi. Su ukun nan kuma duk a wuraren da wani reshen garkuwar jiki, ƙwayoyin T, ke ganewa suke. Wannan shi ya sa duk wanda ya ce maka ya ga canji kaza a ƙwaya don haka abu kaza zai faru, ka tambaye shi a cikin wace ƙwayar, me ya riga shi shiga. Canji ɗaya guba ne a 1968, riba ne a 1990.

Wani lokacin ma sa'a ce zalla. Tsohon maganin nan amantadin da ke toshe ƙofar M2, canji ɗaya S31N ya kashe shi, kuma wannan kusan kyauta ne ga ƙwayar. Zuwa Janairun 2006 sama da kashi 90 na H3N2 a Amurka sun daina jinsa har hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce likitoci su daina rubutawa, sannan H1N1 da ta kawo annobar 2009 ta zo da S31N ɗinta tun daga aladu. Sabon maganin baloksabir da Japan ta fara amincewa da shi a 2018 shi ma tun a gwajin asibiti aka ga I38T na fitowa a furotin PA, sai dai har yanzu wannan bai bazu ba.

Akwai wata dabarar da nake ganin ta fi duka wayo, lulluɓe kai da sukari. Idan wasu amino asid uku suka jeru a wani tsari, ƙwayar halittar mutum da kanta za ta liƙa reshen sukari a wurin, garkuwa kuma ba ta cika faɗa da sukarin da jiki ya yi da kansa ba, sai reshen ya rufe wani yanki gaba ɗaya. Kan HA na H3N2 a 1968 irin wuraren nan biyu gare shi, yanzu sun kai shida zuwa bakwai. Wajen 2014 canjin K160T ya ƙara wani a daidai ɗaya daga wuraren da antibodi suka fi so. Amma nan ma an biya. H3N2 ta yau ba ta kama sukari yadda kakanninta ke yi, har gwajin da aka shekara da shekaru ana yi da jinin kaza ya daina aiki da ita, aka koma jinin talotalo, shi ma ya ƙi, aka koma na ɓeran Masar. Mafi muni kuma ba ta son girma a ƙwan kaza, alhali yawancin allurar mura a duniya har yau a ƙwai ake noma ta. Kana saka ta a ƙwai sai ta sake canzawa don ta rayu a can, ta zubar da reshen sukarin nan, ka ga allurar da ta fito tana nuna wa jiki fuskar da babu lulluɓi, ita kuwa wadda ke yawo a gari a lulluɓe take. Su Scott Hensley na Jami'ar Pennsylvania suka nuna haka a 2017, kuma a wannan shekarar Ostireliya ta auna ƙarfin allurar a kan H3N2 ta samu wajen kashi 10 cikin ɗari. Dalilin da ya sa ake ta komawa allurar da ba a yi da ƙwai ba kenan, irin su Flucelvax da Flublok, sai dai tsada.

Duk wannan tafiyar hawainiya ce ta shekara-shekara. Babban tsalle kuwa daga gutsattsarin nan 8 yake zuwa, ƙwaya iri biyu su shiga ƙwayar halitta ɗaya, wajen fita su cakuɗa. A 1957 murar mutane ta karɓi HA da NA da PB1 daga ta tsuntsu ta zama H2N2, a 1968 ta karɓi HA da PB1 ta zama H3N2, ta 2009 kuwa haɗin gambiza ce daga aladun Amurka da na Turai da Asiya, a cikinta akwai gadon tsuntsu da na mutum. Amma ko an samu sabon HA ba a gama ba, don furotin ɗin tsuntsu bai dace da jikinmu ba ta fuskoki da dama. Sukarin hanjin tsuntsu da na hancin mutum ɗaurinsu ya bambanta, masana na ce wa na tsuntsu 2,3 na mutum 2,6, kuma a H2 da H3 canji biyu ne a gurbi na 226 da 228 suka juya HA daga wancan zuwa wannan, a H1 kuma wasu gurabe ne daban, 190 da 225. Sannan dole HA ya yi taurin da zai jure iska da ɗan tsamin hanci ba tare da ya buɗe kafin lokaci ba. Sannan dole ƙarfin kamawar HA da ƙarfin yankan NA su daidaita, in kamu ya fi yanka 'ya'ya su maƙale, in yanka ya fi kamu a kasa shiga.

Na ciki ma da nasu. Zafin jikin tsuntsu wajen digiri 41 ne, hancin mutum wajen 33, kuma masu kwafin RNA na tsuntsu ba sa aiki sosai a jikinmu. An daɗe da sanin canjin E627K a PB2 na warware wannan, amma sai 2016 ɗakin gwajin Wendy Barclay a Landan ya gano dalili, masu kwafin suna jingina ne da wani furotin na mai masauki, ANP32A, na tsuntsu ya fi namu tsawo da amino asid 33, E627K ne ke sa su iya aiki da gajeren namu. Likitan dabbobin da H7N7 ta kashe a Holan a 2003 an samu wannan canji a ƙwayar da ke jikinsa. Amma kuma H1N1 ta 2009 da ta zagaye duniya ba ta da shi sam, ta bi ta gurbi na 590 da 591 ta isa wuri ɗaya. Kun ga matsalar masu riƙe da jerin canje-canjen hatsari suna jiran su gani, ƙwayar ba ta karanta jerin ba.

A nan zancen ya iso gida. Mutanen Kaduna da Kano da Filato ba za su manta Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a wata babbar gonar kaji a Jaji, karo na farko a duk Afirka, kaji sama da 40,000 suka mutu a wurin, kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya ta Nijar, a Janairun 2007 kuma ta kashe wata mata 'yar shekara 22 a Legas. Ta dawo 2015, ta sake dawowa 2021. Abin da ke sa ta share keji cikin kwana biyu wani ɗan guntun wuri ne a HA. Kafin HA ya yi aiki sai wani sinadarin jiki ya yanka shi biyu. A murar tsuntsu ta yau da kullum, mai yankan a hanji da hanyar numfashi kaɗai yake, cutar ta tsaya nan, agwagwar daji ma ba ta san tana da ita ba. Amma idan aka samu amino asid ɗin arjinin da layisin da yawa sun jeru a wurin yankan, sai wani sinadarin mai suna furin ya iya yankawa, shi kuwa furin ko'ina yake a jiki, ƙwaƙwalwa, zuciya, hanta, shi ya sa za ka ga tukku da ƙafafun kaza sun yi shuɗi-shuɗi ta faɗi. A H5 da H7 ake ganin wannan rikiɗar, kuma galibi a cikin kajin gona take faruwa bayan cutar ta daɗe tana zagayawa. A Pennsylvania 1983 wata H5N2 ta yi wata shida tana yawo ba ta kisa sosai, ashe tana da jerin nan amma reshen sukari ya rufe shi, canji ɗaya ya cire reshen, aka ƙare da hallaka tsuntsaye miliyan 17.

Sai dai a rarrabe abu biyu da kafafen labarai ke yawan haɗawa, kisa daban yaɗuwa daban. H5N1 ta fito a jikin dinya a Guangdong ta China 1996, ta kama mutum 18 a Hong Kong 1997 ta kashe 6, daga 2003 zuwa yanzu WHO ta ƙirga sama da mutum 900 kusan rabi sun mutu, amma shekara kusan 30 ba ta koyi tafiya daga mutum zuwa mutum ta iska ba. Gwajin da Fouchier da Yoshihiro Kawaoka suka yi a kan wata 'yar dabba feret, wanda ya tayar da ƙura sosai a 2011 da 2012 har aka dakatar da irin binciken na ɗan lokaci, ya nuna canje-canje 'yan kaɗan sun isa, abin tsoro ne wannan ba shakka. Amma wani abu a sakamakon ya dace da duk abin da muka faɗa, canjin da ke juya HA zuwa sukarin mutum yana raunana shi, sai an haɗa da wani mai ƙarfafa shi, kuma kowanne shi kaɗai ba lallai ya amfani ƙwayar a jikin tsuntsu ba, inda take rayuwarta ta kullum. Dole su haɗu a ƙwaya ɗaya, a jiki ɗaya, ta kuma samu tsallakawa. Abin da ke daga hankali shi ne yawan damar da ake ba ta. Tun 2021 reshen da ake kira 2.3.4.4b ya bazu har Kudancin Amurka yana kashe dabbobin teku masu shayarwa dubbai, a Maris 2024 kuma aka same shi a shanun madara a Texas, abin da ba wanda ya zata, ya shiga garke sama da 1,000. A hantsar saniya yake zama, madarar cike da shi, kuma da yake hantsar na da sukari irin na tsuntsu HA bai matsu ya canza ba, amma PB2 ya ɗauki wani canji, M631L, mai taimaka masa a jikin mai shayarwa. Mutum wajen 70 suka kamu a Amurka, yawanci ma'aikatan gona da jan ido, an kuma samu mutuwa a Louisiana a Janairun 2025 daga wani reshen da ya fito daga tsuntsaye.

Ɗaya ɓangaren da ake mantawa shi ne mu kanmu, don amfanin canji ya danganta da garkuwar da ya tarar. Murar da mutum ya fara haɗuwa da ita yana yaro ita ke saita garkuwarsa har tsufa, Thomas Francis ya yi maganar tun 1960. Wani bincike na 2016 ya nuna waɗanda aka haifa kafin 1968, da suka fara da H1 ko H2, sun fi tsira daga mummunar H5N1 saboda danginsu ɗaya, waɗanda aka haifa bayan nan da suka fara da H3 kuma sun fi tsira daga H7N9. A 2009 ma tsofaffi sun fi matasa samun sauƙi don jikinsu ya taɓa ganin mai kama da ita. Kenan canjin da zai ɓoye ƙwaya daga ɗan shekara 50 ba lallai ya ɓoye ta daga ɗan shekara 10 ba, kuma ƙasar da rabin mutanenta yara ne ba ɗaya take da Japan ba a idon ƙwayar. Najeriya na da wuraren ɗaukar samfurin mura tun 2008, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na ciki, amma kowa ya san yawancin mai zazzaɓi da ciwon jiki a wajenmu maganin maleriya zai saya a kemis ya kwanta, ba wanda zai goga masa auduga a hanci.

Da duk wannan ake so mutanen da ke zama a Fabrairu su faɗi wace ƙwaya ce za ta yi rinjaye a Disamba, don kamfanoni na buƙatar wajen wata shida su noma allurar. Wani lokacin su dace wani lokacin a'a, a 2014 zuwa 2015 H3N2 ta kauce bayan an gama zaɓe, ƙarfin allurar a Amurka ya tsaya kashi 19, a 2025 ma wani reshe da aka sa wa suna K ya taso da tarin canje-canje a HA bayan an riga an yanke shawara, ya kawo mura da wuri a Japan da Birtaniya. Duk da haka ko a shekarar da ba a dace ba allurar na rage kwanciya asibiti, kuma cutar da WHO ke ƙiyasin tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara ba abin rainawa ba ce. Masu neman allurar da za ta daɗe sun karkata ga karan HA da kuma NA, wuraren da ba sa saurin canzawa kamar kan HA, matsalar ita ce garkuwar jiki da kanta kan take so, sai an yi dabarar cire kan ko a sa mata baƙon kai kafin ta kula da karan, an yi gwajin farko a jikin mutane amma har yanzu babu wadda ta shigo kasuwa. Reshe ɗaya dai ya fita daga lissafi, na infuluwenza B, ɗaya nau'in murar da ake sawa a allura, wato zuriyar Yamagata, wadda ba a sake tabbatar da ganinta ba tun Maris 2020 lokacin kullen korona, har a Satumban 2023 WHO ta ce a cire ta daga allura, aka koma haɗin ƙwaya uku maimakon huɗu.